Yadda za a gano abin da ke rage saurin rubuta manyan fayiloli a GlusterFS

Waɗanda suka haɗa sabar uku ta zama rumbu ɗaya da GlusterFS, irin masu tace finafinai a Zoo Road a Kano da ke ajiye bidiyo mai nauyin gigabait masu yawa, sukan yi ƙorafin cewa kwafi yana farawa da gudu, can kuma ya koma rarrafe. Gudun farkon ruɗi ne, domin Linux tana tara bayanan ne a RAM, kuma da zarar abin da bai sauka kan faifai ba ya kai iyakar vm.dirty_ratio, wadda galibi kashi 20 ce cikin ɗari na RAM ɗin da ke akwai, sai ta taka wa mai rubutu birki. Saboda haka a yi gwaji da fayil ɗin da ya fi RAM girma.

A fara da faifan kowace sabar ita kaɗai, ta hanyar umarnin kwafi na dd tare da conv=fdatasync, wanda ke sa a jira bayanan su sauka kan faifai kafin a nuna saurin. Idan faifan lafiya yake, sai a auna layin da ke tsakanin injinan da iperf3, manhajar auna saurin layi.

A nan ne matsalar ta fi ɓuya. Layin gigabit ɗaya ba ya wuce kimanin megabait (MB) 117 a daƙiƙa, kuma idan an saita replica 3, wato a ajiye kowane fayil a duk sabar uku, kwamfutar mai rubutu ce da kanta take aika kwafi uku ta wannan layin, don haka abin da zai isa kowace sabar bai wuce megabait 40 ba. A ganina, wanda ya samu 38 ya daina wahalar da kansa da sauya saituna, domin tsarin yana yin iya ƙarfinsa. Mafita ita ce katin layi da suwic (na'urar da ke haɗa injinan) na gigabit 10, ko kuma a mayar da sabar ta uku arbiter, wadda sunayen fayiloli da bayanan da ke siffanta su kawai take riƙewa, ban da abin da ke cikinsu, ta yadda kwafi biyu za a riƙa aikawa. Ɗaga MTU, wato girman kowane ƙunshin bayanai da ke bi ta layi, zuwa 9000 yana ɗan taimakawa, amma sai an yi shi a kowane inji har da suwic, sannan a tabbatar da ping -M do -s 8972.

Sai batun wuta. Idan aka ɗauke wuta sabar ɗaya ta mutu kafin janareta ya tashi, tana dawowa za ta fara cike giɓin abin da ya wuce ta, kuma wannan aikin yana cin layi da faifai. Umarnin gluster volume heal, da sunan rumbun, da info, zai nuna abin da ya saura. A duba batirin katin RAID ma, wato katin da ke sarrafa faifan sabar, domin zafin Afrilu a Kano yana saurin kashe batir, kuma idan ya mutu katin yakan daina tara rubutu a ma'ajiyarsa, ya koma jiran faifai. Kada a tilasta masa komawa tsohon yanayinsa kafin a sauya batirin, domin ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta lalata fayiloli.