Darasi na 6: Idan Zafin Bazara Ya Kayar da Mutum

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan wuce digiri 40. Ma'aikatan sashen gaggawa sun san lokacin ko ba su duba kalanda ba, domin gadaje kan cika. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, alhali a dukan Afrilun 2023 mutum 130 ne. A Hajjin shekarar ma alhazai fiye da 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 50 a Makka.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Jiki na tsayar da shi nan ta hanyar gumi da tura jini zuwa fata ya sha iska. Lebura ko manomi a rana tsaka na iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya, wato ledar ruwa biyu. In bai mayar ba, ruwan jiki ya ragu, zuciya ta ƙara gudu, ƙoda ta rasa abin tacewa. Shi ya sa yawancin waɗanda ake kawowa asibiti a bazara ba "zafi" ake rubutawa a katinsu ba. Tsoffi ne, da jarirai, da masu ciki, da masu hawan jini ko ciwon suga ko na ƙoda, waɗanda zafi ya tayar musu da tsohon ciwo. Dare ma na da nasa laifin. Ɗakin kwano marar silin kan riƙe zafi har asuba, sai jiki ya kwana uku a jere bai huce ba.

Abu biyu za mu bambance.

Na farko galabaita. Mutum ya jiƙe sharkaf da gumi, yana jiri, kai na sara, zuciya na tashi, amma in ka tambaye shi sunansa zai amsa daidai. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗan ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi. A ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Na leda da ake saya a kemis ya fi. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, kowane cokali a shafe bakinsa, ba tozo. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. Bayan minti 30 in ba sauƙi, sai asibiti.

Na biyu bugun zafi, shi ne mai kisa. Zafin jiki ya kai digiri 40, kuma hankali ya taɓu: sambatu, faɗa ba dalili, tangaɗi, jijjiga ko suma. Fata zau kamar murhu, da gumi ko babu. Nan ake yawan kuskure. Wasu su ce iska ce, a tsaya neman turare. Wasu su ce zazzaɓi ne, a ba shi farasitamol, alhali ba ya sauke irin wannan zafin. Addu'a ba ta hana zuba ruwa, a haɗa su. A cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan randa daga wuya zuwa ƙafa, wani na fifita da mafici, yayin da na uku ya tafi neman mota. In akwai ƙanƙara, a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. A mota ma a ci gaba da jiƙa shi, gilashi a buɗe. Ko ya farfaɗo a hanya kada a juyo gida, don sanƙarau ma a wannan lokaci yake yawo, kuma alamunsu kan yi kama.

Gwajin da ba ya cin ko kobo shi ne duba fitsari. In ya yi ja kamar shayi, ko ya yi ƙaranci, jiki na bin ka bashin ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, a miƙa masa moɗa ko bai nema ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai za a ƙara masa, ba ruwa ba, kuma a rage lulluɓin goyo. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari kada ya daina da kansa, ya tambayi likita. Aikin ƙarfi a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, musamman mai azumi.

Hunturu ma na aika mutane asibiti: tari, asma, da yaran da suka ƙone wajen jin ɗumi. Mafi haɗari shi ne kaskon garwashi a ɗaki rufe. Iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko waje kafin a kwanta.