Ɗumama 'yan tsakin salwa: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Ɗan tsakon salwa yana fitowa daga injin ƙyanƙyasa bayan kwana 17, nauyinsa bai wuce giram 7 ko 8 ba, kuma ba shi da uwar da za ta rufe shi da fiffike. Duk ɗumin da zai rayu da shi daga hannun mai kiwo yake fitowa. A makon farko yana son digiri 35 zuwa 37 a inda yake kwanciya, daga nan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako, har gashi ya gama rufe shi wajen mako uku zuwa huɗu.

Kuskuren farko shi ne dogara da zafin gari. Mai kiwo a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, sai ya ce ai nan ko mutum ma gasuwa yake yi, ina ruwan tsako da ɗumi. Da rana gaskiyarsa ne. Amma a Disamba da Janairu, in hunturu ya sauko, sanyin da ke zuwa daga ƙarfe ukun dare zuwa asuba shi ke sa tsaki su hau kan juna, da safe a kwashe na ƙasa a mace. A Ngaundere, inda gari ke kan tudu, ko da damina ma dare yana da sanyi. A watan Afrilu kuwa abin juyawa yake: a Garwa da Marwa zafi ya haura digiri 40, ɗaki na kwano, ga ƙwan lantarki a kunne. In hantsi ya yi, kashe shi.

Wasu suna rataya ƙwan LED, su ga haske fes, su ɗauka an gama. Wannan ƙwan ba ya ba da wani ɗumin kirki. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, shi ke ba da zafi. A ɗaure shi da wayar ƙarfe, kada a bar shi yana lilo a jikin igiyar wutarsa, don in ya faɗo kan ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa wa tsakin gobara ce. Sannan wutarmu ta arewa yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma kowa ya san ana ɗauke ta, musamman da rani. Kafin ka kwanta, tanadi jarkar ruwan zafi naɗe da tsumma. Tana riƙe ɗumi na 'yan sa'o'i, ba hayaƙi, ba wuta.

Gawayi ne na fi jin tsoro, alhali shi ya fi sauƙin samu. Matsalar ita ce mutane suna hura shi a cikin ɗakin, su toshe taga da buhu wai kada ɗumi ya fita. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da kurfoti a rufaffen ɗaki, balle tsuntsun da bai kai babban yatsa ba. Hura gawayin a tsakar gida har ya yi ja ya daina hayaƙi, zuba shi a tukunyar ƙasa, yayyafa toka a kai don ya daɗe yana ci, ɗora tukunyar a kan bulo, ka kewaye ta da raga. Ka bar kafar iska ta sama a buɗe ko da ana sanyi. Fitilar kananzir ma haka, in ta fara baƙin hayaƙi a gyara lagwani.

Akwai kuma masu sa ɗumi a tsakiyar ƙaramin kwali, ko'ina ya ɗau zafi. Ka sa shi a gefe guda, ruwa da abinci a ɗaya gefen, don wanda zafi ya isa ya samu wurin gudu. Ma'aunin zafi yana da amfani in an ajiye shi ƙasa daidai tsayin tsakin, amma su da kansu sun fi shi faɗin gaskiya. In sun dunƙule ƙarƙashin ƙwan lantarki suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun watse jikin bango baki a buɗe suna haki, zafi ya yi yawa, ɗaga ƙwan sama kaɗan.

Jiƙaƙƙen tsako ba ya ɗumuwa da wuri, kuma salwa tana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Zuba tsakuwa masu tsabta a mazubin ruwansu, su sha ta tsakanin duwatsun, har su yi mako guda.