Yadda za ka samar da NaN a harshen kwamfuta na Python

Wani ɗalibina a Unguwar Rimi ya raba 0.0 da 0.0 yana jiran NaN (Not a Number, wato ƙimar da ke nufin "ba lamba ba ce"), Python ta ƙi. A JavaScript, wani harshen kwamfuta, da ya samu.

Da farko rubuta import math, sannan x = math.nan. Wannan ya shigo ne tun Python 3.5.

In ka fi son lissafi ya haifo shi, rubuta math.inf - math.inf (math.inf na nufin adadi mara iyaka).

Wajen duba ko x NaN ne ake faɗawa rami, don haka natsu. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, mai tsara lissafin lambobi masu ɗigo a kwamfuta, ta ce NaN ba ya daidai da komai, har da kansa, shi ya sa x == x ke ba ka False. Yi amfani da math.isnan, shi na fi amincewa da shi.