Yadda Ake Shirya Fayilolin Bidiyo Domin Haɗa Su Kai Tsaye a Wurin Taro

Bidiyon da yake tafiya lami lafiya a manhajar kallon bidiyo ta VLC yana iya cijewa ko daskarewa da zarar an saka shi a manhajar haɗa bidiyo kai tsaye irin su Resolume ko VDMX, kuma galibi matsalar tana cikin yadda aka matse fayil ɗin. Yawancin bidiyon wayoyi da kyamarori an matse su ne da tsarin H.264, wanda yake adana cikakken hoto lokaci-lokaci, sannan ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai a firem ɗin da suka biyo baya, wato hotuna ɗai-ɗai da suke haɗuwa su zama bidiyo. Wannan dabara tana rage girman fayil ƙwarai, sai dai mai haɗa bidiyo a wurin taro yakan tsallaka tsakiya, ya mayar da hoto baya, ya ƙara masa sauri domin ya bi kiɗa, ya kuma ɗora uku ko huɗu a kan juna. Kowane tsalle yana tilasta wa kwamfuta komawa ga cikakken hoton baya kafin ta gina firem ɗin da ake nema.

Abin da ya dace shi ne a mayar da fayil zuwa tsarin da yake adana kowane firem cikakke, wanda kuma katin hoto na kwamfuta zai buɗe da kansa. Masu Resolume su zaɓi tsarin DXV, kuma kamfanin Resolume yana ba da manhajar Alley kyauta domin wannan aiki. Masu VDMX ko TouchDesigner su zaɓi tsarin HAP, wanda kamfanin Vidvox ya fitar a 2013. Ana samun HAP da FFmpeg, manhajar sauya tsarin bidiyo, ta wannan umarni, inda shiga.mp4 yake fayil na asali, fita.mov kuma sabon fayil:

ffmpeg -i shiga.mp4 -c:v hap -r 30 -an fita.mov

A ƙara -format hap_q idan ana son hoto mafi tsabta, ko -format hap_alpha idan rubutu ne ko tambari da za a ɗora a kan wani bidiyo ba tare da baƙin bango ba. FFmpeg yana buƙatar faɗi da tsayin hoton su rabu da 4 daidai, abin da 1920 da 1080 suka cika.

Yawan firem a daƙiƙa shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina ya cancanci kulawa fiye da komai. Wayoyi sukan riƙa canza wannan adadi yayin ɗauka, musamman a wuri mai ƙarancin haske, don haka a daidaita dukkan fayilolin a kan adadi ɗaya, 25 ko 30, kamar yadda -r 30 ya yi a umarnin sama. Girman hoto kuwa a auna shi da allon LED ko majigin da za a haska, domin babu amfanin wahalar da kwamfuta da 4K alhali allon bai wuce 1280 da 720 ba. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma sauya tsari ba zai dawo da tsabtar da ta ɓace ba, sai a nemi na asali.

Alamar -an da take cikin umarnin FFmpeg tana cire sauti. Idan ana buƙatar sautin, a maye gurbinta da -c:a pcm_s16le.

Sabbin fayilolin za su ninka na asali girma sau da yawa, saboda haka a ajiye su a faifan SSD maimakon filashi, a kuma adana na asali a wani wuri daban. Kafin ranar taro a ɗora adadin bidiyon da za a haɗa lokaci guda a kan kwamfutar da za a yi aikin da ita, a haɗa ta da allon, a duba ko adadin firem da manhajar take nunawa yana sauka.