"Ai kalma ɗaya kawai na canza": kurakuran ƙananan gyare-gyare a manhajar layin umarni

Ni ma haka na faɗa ranar da na canza saƙon da wata 'yar manhajarmu ta bakof take fitarwa daga "done" zuwa "finished", don kawai ya fi min kyau a ido. Ashe abokin aikina yana da wani sikirif (ɗan fayil na jerin umarni) da yake neman kalmar "done" da grep, umarnin neman kalma a cikin rubutu, kafin ya share tsofaffin fayiloli, kwana uku bai share komai ba har disk ya cika taf, sai ga kira da sassafe. To kafin ka taɓa kowane saƙo, ka fara bin kod ɗin manhajar da gwaje-gwajenta da grep ka ga wa ya dogara da shi. Shi ya sa Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, ya ware `git status --porcelain`, wannan na sikirif ne, sun yi alkawarin tsarinsa ba zai riƙa sauyawa ba, shi kuwa na idon mutane suna iya gyara shi duk lokacin da suka ga dama. In manhajarka ba ta da irin wannan, yi mata.

Sai maganar fassara, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. A gettext, tsarin fassara saƙonnin manhaja, jimlar Turancin ita kanta ce makullin da ake nemo fassara da shi, wato ko waƙafi ɗaya ka ƙara ka canza makulli kenan, msgmerge, mai sabunta fayil ɗin fassara na .po, zai yi wa tsohuwar fassarar alamar fuzzy, wato tana buƙatar dubawa, msgfmt mai haɗa fassarar don manhaja kuma ba ya ɗaukar fuzzy, sai mai amfani da Faransanci ko Hausa ya ga Turanci ya faɗo masa tsakiyar allo. Ba cewa na yi kar a gyara ba fa, amma ba ana jibi za a saki sabon siga ba, a ba masu fassara lokaci mana.

Kusa da wannan akwai "1 files" ɗin nan mai ban haushi. Mutane sai su sa if su liƙa s a ƙarshe, alhali Larabci siga shida yake da su na jam'i a gettext. ngettext, mai zaɓo sigar jam'in da ta dace da adadi, aka yi don wannan.

Saƙon kuskure kuma, don Allah a daina rubuta "something went wrong". Me ya lalace? A ina? Dubi yadda cat, umarnin nuna abin da ke cikin fayil, yake yi: `cat: rahoto.txt: No such file or directory`, sunan manhaja, sunan fayil, dalili, shi ke nan. Kuma ka duba salon gidan da ka shiga, a Git misali ba a fara saƙon kuskure da babban baƙi kuma ba a rufe shi da aya, in ka zo kana "gyara" musu wannan za a dawo maka da kayanka.

Kuskure ta stderr (mafitar kurakurai) yake fita ba ta stdout (mafitar sakamako) ba, in ba haka ba wanda ya tura sakamako cikin fayil da alamar `>` zai tarar da kukan manhajar a cakuɗe da bayanansa. Sannan kar ka buga kuskure ka fita da lambar 0 mai nufin nasara, don `&&` zai ɗauka komai lafiya ya wuce umarni na gaba.

Ka gyara `--help` ka bar shafin man, wato littafin jagorar manhajar, da tsohon bayani, wannan ma kullum ne. Layin kuma kar ya wuce harafi 80.

Na ƙarshe da ke cin raina shi ne a cusa gyaran rubutu da gyaran aiki cikin komit ɗaya, wato ajiyar canji guda a Git, a sa masa suna "small fixes". Ranar da aikin ya kawo matsala aka yi git revert don janye komit ɗin, gyaran rubutun ma ya bi shi. Raba su, taken komit ɗin kar ya wuce harafi 50 ko kusa da haka, kuma ka faɗi wane saƙo ka taɓa.