Yadda za ka sauke bidiyon kyamara a kwamfuta bai dushe ba

Idan ka ɗauki hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, fara da kwafe duk abin da ke katin kyamarar zuwa kwamfuta, ka adana na asalin.

Sai ka buɗe bidiyon a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka zaɓi tsarin MP4 da H.264. Girman hoto kada ka taɓa shi: in 1920×1080 ne, ya zauna haka.

Ga inda aka fi sakaci. Kyamarori da yawa a 1080i suke ɗauka, wato kowane hoto rabi-rabi ake ɗaukar layukansa, shi ya sa ƙafafun dawaki ke fitowa da layi-layi kamar haƙoran mataji. Kunna Deinterlace, mai goge wannan layi-layin, ka sa RF, wato ma'aunin kyawun hoto, a 20. Lambar na hawa, kyau na raguwa.

Gwada sabon bidiyon a VLC, manhajar kallon bidiyo. Wanda ya ba ka aikin kuwa ka ba shi a filasha, don WhatsApp matse bidiyo yake yi.