Yadda Ake Tsawaita Kwanan Tayoyin Gaba a Motoci Masu Gudu

Ana yin tayoyin motoci masu tsananin gudu da roba mai laushi domin su kama kwalta sosai, kuma wannan laushin ne yake sa su cinye da wuri. Na gaba su ne ke shan wahalar birki da kwana, idan kuma su ne injin yake juyawa, to aikin ya ƙaru a kansu.

A riƙa auna iska kafin tayar ta ɗauki zafi, a bi adadin da kamfani ya rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. Sannan a murɗa sitiyari har ƙarshe a duba gefen tayar na ciki, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci ana ɗan karkatar da saman tayoyinsu zuwa ciki, sai gefen ciki ya suɗe alhali na waje yana nan kamar sabo, wanda hakan yake yaudarar masu mota. Idan cinyewar ta yi yawa, a kai wa makanike ya duba saitin ƙafafun.

Ƙasashe da dama sun haramta tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, amma a ganina gara a canza ta tun yana milimita 3, saboda santsin jiƙaƙƙen titi.